Ma'aikatan lafiya mu fara duba kwanonmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina neman ka ba ni fili in yi magana da ƴan'uwana ma'aikatan lafiya, wato likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomai da masu sayar da magani, har da masu maganin gargajiya waɗanda jama'a kan fara zuwa wurinsu kafin su iso asibiti. Na yi aikin jinya a jihar Tahoua har na yi ritaya, saboda haka ina cikin waɗanda maganar ta shafa. Abin da ke damuna shi ne shawarar da muke ba majiyyata a kan abinci ba ta shiga jikinsu, kuma kafin mu ɗora musu laifin taurin kai, ya kamata mu yi wa kanmu hisabi a kan abin da muke ci da kuma yadda muke ba da shawarar.

Yawancinmu mun koyi aiki ne a lokacin da babbar damuwa ita ce tamowa, kuma duk wanda ya ga ƙarancin abincin shekarar 2005 a Tahoua da Maraɗi da Damagaram ba zai raina wannan damuwa ba, domin har yanzu ba ta kau ba. Sai dai hawan jini da ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki sun shigo mana gari, ta yadda a gida ɗaya za ka tarar da yaro mai tamowa da kakarsa mai ciwon sukari suna ci daga tukunya guda.

Mu fara da kanmu. Duk wanda ya taɓa kwana a bakin aiki ya san yadda ake raya dare da shayi, a dafa na farko da na biyu da na uku, kowanne da tulin sukarinsa, sannan da asuba a haɗa da burodi da madarar gwangwani. A tarurrukan bita, har da waɗanda ake shiryawa a kan ciwon sukarin kansa, idan lokacin hutu ya yi lemon kwalba da soyayyen nama da cincin ake jerawa, kuma ban taɓa jin wani ya ɗaga hannu ya ce a kawo kankana ko gwaiba ba. Alhali mu ne muka haddace cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babban mutum ke ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin giram 50 a rana, kuma in ya tsaya a giram 25 ya fi, mun kuma san kwalbar lemo mai santilita 33 tana iya ɗaukar giram 35 ita kaɗai. Majiyyaci ba makaho ba ne, maƙwabcinmu ne, tare muke zaman fada da shi, a layi ɗaya muke tsayawa wurin mai tsire. Idan ya ga wanda ya hana shi abu da safe yana shan abin da yamma, zai ɗauka cewa hanin wani sharaɗi ne na takarda wanda ba a nufin a bi shi. Ina kuma tambaya, mu nawa ne muka miƙa hannu aka auna mana jini a wannan shekara, mu da na'urar take kan teburinmu kullum?

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne yadda muke ba da shawarar. Magidanci ya zo, an auna shi an ga jininsa ya haura 14 bisa 9, wato ya kai matakin hawan jini, sai a rubuta masa magani a ce masa, “Alhaji, a rage gishiri,” a kira na gaba. To Alhaji ba shi ke girki ba. Bai san abin da aka zuba a miya ba, kuma a kwano ɗaya yake ci da ƴaƴansa da baƙinsa, ba zai ce a ware masa tukunya ba don kada a ce ya cika fitina ko kuma a gane yana da ciwo. Wadda ya kamata ta ji wannan magana ita ce uwargida, ko duk wadda ke da girki, amma ba kasafai muke cewa a zo da ita ba. Ko ita ɗin ma, idan aka ce mata gishiri, gishirin gwangwani kawai za ta fahimta, sai ta rage shi ta cike gurbin da dunƙulen magi uku ko huɗu, ba tare da ta san cewa kusan rabin kowane dunƙule gishiri ne ba. Haka kuma kanwar da ake jefawa a wake da miyar kuɓewa da kunu tana ɗauke da sinadarin sodiyam, wanda shi ne ainihin abin da ke tayar da jini a cikin gishiri. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa da yawan shan kunun kanwa da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, amma har yau da wuya ka ji an zaunar da kakar jariri an yi mata wannan bayani cikin ladabi, alhali ita ce mai iko a ɗakin mai jego. Ma'aunin da aka yarda da shi bai kai giram 5 na gishiri a rana ba, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, kuma a cikinsa ake lissafa na magi da na kilishi da na burodi. Ɗaga cokalin a nuna wa mace da ido ya fi faɗin giram amfani.

Sannan akwai ɗabi'ar kwafo jerin abinci daga littattafan da aka rubuta domin mutanen Faransa, a ce wa manomin Adar ya riƙa cin tuffa da kifin gwangwani. Mutumin zai ce “to, likita” don girmamawa, ya fita ya manta. Ni a ganina abin da ake nema yana cikin kasuwanninmu: gero da dawa da wake, zogale da rama da yakuwa da kuka, albasar Galmi, kifin tafkin Tabalak, nono da cukun makiyayan Abalak, da daddawa wadda ke ba miya ɗanɗano tun kafin a san magi. Giram 400 na ganye da ƴaƴan itace da ake so mutum ya ci a rana ba abin tsoro ba ne ga gidan da ke yin dambun zogale da kwaɗon rama, musamman a lokacin noman rani da kabeji da tumatir da karas ke araha. Gyaran da ake buƙata ƙanana ne kuma sanannu: kada a surfe gero har dusarsa ta ƙare, a dama fura da nono ba tare da an cika ta da sukari ba, a rage man da ake malalawa a kan shinkafa da wake, a zubar da gyaɗar da ta yi fumfuna domin gubarta tana lalata hanta, mai ciki kuma ta jinkirta shan shayi bayan cin abinci saboda yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke gina jini. Mai ciwon sukari ba a ce masa ya bar tuwo, a nuna masa gwargwadon malmalar da za ta ishe shi, miyar ganye ta fi yawa.

Dole ne kuma mu fuskanci yadda muke kallon ƙiba. Har yanzu tumbi alamar wadata ce a wurin namiji, cikar jiki kuma ado ce a wurin mace, shi ya sa ƴanmata ke sayen ƙwayoyi irin su dexamethasone a hannun masu tallar magani domin su yi jiki kafin aure, ba su san cewa wannan magani yana tayar da sukari da jini ba. Masu sayar da magani sun san wannan sarai. Su ma masu maganin gargajiya, waɗanda nake girmama da yawa daga cikinsu, ina roƙonsu su daina shelar cewa suna warkar da ciwon sukari ko hawan jini gaba ɗaya, domin wanda ya yarda ya ajiye maganin asibiti sau da yawa a kwance ake dawo mana da shi. Addininmu ma ya riga ya ba mu ma'auni, a aya ta 31 ta Suratul A'araf da ta ce a ci a sha kada a yi ɓarna, da hadisin da ya raba ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi, kuma limamai za su taimaka idan muka je muka same su.

Shawarata ga shugabannin cibiyoyin lafiya na Tahoua da Yamai ita ce, a taron wata-wata da ake yi domin duba alƙaluman rigakafi da haihuwa, a ware rabin awa ma'aikata su auna jinin juna da sukarin juna, sannan kowa ya faɗi irin tambayoyin da yake yi wa majiyyaci kafin ya ba shi shawara: wa ke girki a gidan, mutum nawa ke ci a kwanon, nawa ne kuɗin cefane, magi nawa ke shiga tukunya. Masu shirya tarurruka kuma su sauya abin da suke ajiyewa a lokacin hutu, ko da za a fara ne daga taron ranar 14 ga Nuwamba, ranar ciwon sukari ta duniya.

Na gode da wannan fili.

Wassalam,
Ma'aikacin jinya mai ritaya, Tahoua