Edita dan Allah a ja kunnen iyaye kan raunin ido a wurin yara

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki, ya ƙoƙari. Na rubuto ne daga Tudun Wadan Zariya kan wani abu da ya same mu a gida tun ƙaramar Sallah, wanda har yau in na kalli yaron sai in ji duk ba daɗi, saboda da hannunmu muka ƙara ɓata lamarin.

Ɗan ƙanwata ne, shekararsa 6. Washegarin Sallah yaran lungunmu suka haɗa kuɗin barka da Sallah suka siyo irin bindigar roban nan mai ƙananan harsasai kala kala, suna ta harbe harbe wai su sojoji, ɗaya ta same shi a idon hagu. Ya yi kukansa ya gaji ya koma wasa, uwar ta buɗe idon ba ta ga yanka ba sai ja kawai, shikenan aka ce da sauƙi. Kakarsu ta ce a samo nonon mai jego a ɗiga masa, wata maƙwabciya ta ce a'a ruwan sukari ya fi, duk aka yi, da daddare kuma ni da kaina na je kemis na ce a ba ni maganin jan ido, aka miƙo min wata 'yar kwalba ban ma karanta jikinta ba. Haka muka yi ta ɗiga masa har kwana 4.

Ran na huɗun ya tashi yana amai yana riƙe kansa, mun ɗauka maleriya ce. Sai da na haska masa fitilar waya sannan na ga jini ya kwanta a ƙasan baƙin idon, kamar an zuba shayi a kofi bai kai rabi ba. Wallahi a take jikina ya mutu. Muka ɗauki hanyar asibitin koyarwa na Shika.

Bayanin da likitan ido ya yi mana shi ne ya sa na zauna rubuta wannan wasiƙa. Ashe in abu ya bugi ido jini na iya taruwa a cikinsa ko da babu yanka a waje, kuma jinin yana toshe hanyar da ruwan cikin ido ke bi ya fita, sai ido ya cika ya yi tauri, shi ne ciwon kan da aman, in aka bar shi haka jijiyar gani ce ke lalacewa kuma ita in ta mutu ba ta dawowa. A kwanakin farko jinin kan sake tsinkewa, shi ya sa ake so yaro ya huta a ɗaga masa kai da filo, kar a ba shi asfirin, mu kuwa namu yana ta tsalle tsalle a tsakar gida. Maganin da na siyo kuma akwai sitiroyid a ciki, irin wanda likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta, don in akwai ƙuje a saman ido ƙwayar cuta ta shiga, yana iya rura ciwon har ya bar hakiya. Nono da sukarin ma dai gayyatar ƙwayoyin cuta ne.

Jinin ya washe alhamdulillahi, amma daga baya yanar ido ta fito masa sai da aka yi masa aiki. To nan ne abin da yawancin mu ba mu sani ba Edita, shi yaro ba kamar babba ba ne, ƙwaƙwalwarsa tana kan koyon gani har wajen shekara 7 zuwa 8, in ido ɗaya ya daɗe yana gani dishi dishi sai ta yi watsi da shi ta riƙe mai kyan, ko an gyara idon daga baya ba lallai ganin ya dawo daidai ba. Yanzu kullum sai an rufe masa lafiyayyen idon da filasta na wasu awowi don a tilasta wa raunannen aiki, kuma kowace safiya dambe ake yi, yana kuka yana ɓallewa yana cewa Kawu ba na ganin allo.

Kuma ba bindigar roba kaɗai ba ce, ga danƙo da tsakuwa, ga nokawut, ga tsinken tsintsiya da fensir, ga bulala. Ita bulalar nan ina roƙon malamanmu na boko da na allo, yaro na kaucewa ne bakin ta ya faɗa a ido, daga horo sai ya koma nakasa.

Abin da aka koya mana ba shi da wahala. In siminti ne ko ruwan batir ko bilic ya shiga, a kwarara ruwa mai tsafta ba ƙaƙƙautawa na aƙalla minti 15 sannan a ruga asibiti. In kuma abu ne ya soke, kar a zare kar a murza kar a ɗiga komai, a kifa gindin kofin roba a kai a manne shi don kar yaro ya taɓa, a tafi a ranar ba gobe ba. Muna da sashen ido a asibitin koyarwa na Shika, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna kusa da mu.

Roƙona ku tura wakilinku ya zanta da likitocin ido da Hausa kafin babbar Sallah, kar a jira sai Ranar Gani ta Duniya a watan Oktoba, don jiya ma na wuce wani mai baro a bakin titi ya jera bindigogin nan yara sun kewaye shi suna taya kuɗi.

Naka,
Wani kawu daga Tudun Wada, Zariya