Rahoton Ayyukan Shekara: Wasan Katinmu da Abin da Masu Wasa Suka Faɗa Mana

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Kwamitin gudanarwa na gabatar muku da rahoton abin da ƙungiyarmu ta masu ƙirƙirar wasannin kwamfuta ta yi a shekarar da ta ƙare. Tarukan wata-wata sun gudana yadda aka saba, an kuma ci gaba da koya wa sababbin mambobi aiki da Godot, manhajar haɗa wasa ta kyauta da muke amfani da ita. Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne wasan katin da muka shigar gasar Ludum Dare, da kuma abin da ya biyo bayan gasar.

Ga waɗanda suka shigo kwanan nan, gasar tana gudana tun 2002. Ana sanar da jigo, sai a ba mai aiki shi kaɗai awa 48, masu aiki tare kuma awa 72, su fito da wasan da za a iya bugawa. Daga nan mahalarta ke shafe kusan mako uku suna buga wasannin juna, suna ba da maki kan daɗin wasa, sabon tunani, zane, sauti da sauransu, suna kuma rubuta sharhi. Sai wasa ya samu masu ba da maki 20 kafin ya shiga jerin sakamako. Mun cika sharaɗin, kuma godiya ta tabbata ga mambobin da suka zauna suna buga wasannin wasu, domin wanda ya duba na mutane shi ake duba nasa.

An yaba zanen katunan da kiɗan. Amma ƙorafi guda ya yi ta dawowa daga mutanen da ba su san juna ba: wai wasan sa'a ce zalla. Wasu sun ce a ƙara ƙarfin katunan kariya, wasu sun ce a rage wa abokin gaba ƙarfi, akwai ma wanda ya nemi a daina gauraya katin gaba ɗaya. Da mun bi kowace shawara, da wasan ya tashi daga kamanninsa. Sai muka ajiye magungunan da aka ba mu, muka nemi inda ciwon yake.

Lissafi ne ya fara nuna mana. Ɗan wasa yana farawa da kati 20, 4 daga ciki na kariya ne, ana raba masa 5 a hannun farko. Yiwuwar ya ɗauki biyar ɗin babu katin kariya ko ɗaya ta kai kusan kashi 28 cikin 100. Wato fiye da sau ɗaya cikin huɗu mutum zai sha dukan da ba shi da yadda zai kare, tun bai fahimci dokoki ba. Wanda ke da tarin wasanni a gabansa yana jiran ya gwada, ba zai sake ba mu dama ba. Gyaran bai taka kara ya karya ba: mun ba ɗan wasa damar mayar da hannun farko sau ɗaya a sake gaurayawa, abin da ya sauko da yiwuwar zuwa kusan kashi 8.

Rabin matsalar ke nan. Sauran rabin bai fito a rubuce ba, sai da muka zaunar da mutane suna bugawa muna kallo, da sharaɗin kada wanda ya haɗa wasan ya buɗe baki. Wannan sharaɗi yana da wuya ƙwarai, domin hannu na ƙaiƙayi a nuna wa mutum inda zai danna, amma a nan muka ga gaskiya. Mutane suna jefa kati ne ba su san abin da abokin gaba zai yi ba, don haka in sun ci ba su san dalili ba, in an ci su ma haka. Wasan Slay the Spire, wanda ya fito cikakke a 2019, yana nuna niyyar abokin gaba a saman kansa kafin ɗan wasa ya zaɓi kati. Mun ɗauki wannan darasi muka sa alamar niyya. Ba mu taɓa ƙarfin kati ko ɗaya ba, amma a gwajin da ya biyo baya hirar ta koma kan wane kati ya kamata a riƙe, wane za a jefa. Ra'ayin kwamiti shi ne wannan ce nasara mafi girma ta shekarar, ta fi makin gasar daraja.

Wani sharhi gajere ya ce mai shi ba ya iya bambanta katin hari da na magani, domin ja da kore kawai muka raba su da shi. Matsalar rarrabe waɗannan launuka biyu ta yawaita, musamman ga maza. Yanzu kowane nau'in kati yana da siffarsa ban da launi, an kuma ƙara girman rubutu saboda masu ƙaramin allo. Shafin dokokin da kusan kowa ke tsallakewa an cire shi, zagayen farko ne ke koyarwa.

Akwai abin da muka ƙi. An nemi mu ƙara buga wasa tsakanin mutum biyu ta intanet. Buƙata ce mai kyau, amma ta fi ƙarfin hannayen da muke da su, kuma za ta hana mu gama abin da ke gabanmu.

Wasu mambobi sun tambaya ko wasan gasa ya cancanci wannan wahalar. Wasan Inscryption na Daniel Mullins, wanda ya fito a 2021, ya faro ne daga ƙaramin wasan kati da ya yi a Ludum Dare ta 43 a ƙarshen 2018. Ba alkawari muke yi cewa namu zai kai can ba, amma hanyar a buɗe take.

A shekara mai zuwa za mu ɗora sigar da aka gyara a itch.io, shafin intanet da ake ɗora wasanni, mu keɓe wani ɓangare na kowane taron wata don gwaji da baƙin da ba su taɓa ganin wasan ba. Muna neman mambobi biyu da za su riƙa tattara sharhi suna ware ƙorafi daga shawara. Mai sha'awa ya sanar da sakatare kafin babban taro.

Sakatare,
a madadin kwamitin gudanarwa.