Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa: mu 'yan Kimiyyar Siyasa ba yawa muka yi ba

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Da fatan kana lafiya, Allah ya taya ka riƙo.

Ni ɗalibi ne ɗan aji uku a sashen Kimiyyar Siyasa a wata jami'ar gwamnati a nan Arewa, kuma na daɗe ina juya wannan wasiƙar a raina, in fara in goge, har dai yau na ce ko ba za ta kai teburinka ba sai na rubuta. Maganar da ka yi ce a 2025, ranar da kake miƙa lasisi ga sababbin jami'o'i masu zaman kansu guda 11 a Abuja, inda ka nuna cewa Najeriya ta riga ta ƙoshi da masu digirin kimiyyar zamantakewa, wadda fanninmu yake cikinta, abin da take buƙata yanzu su ne masu warware matsala, 'yan kimiyya da fasaha da injiniyoyi da likitoci. Kai ka faɗa ka wuce wani aikin. Mu kuma har yau maganar tana bin mu.

Bari in gaya maka yadda ta iso gidanmu. Babana tela ne, shagonsa yana bakin kasuwa, bai yi boko ba amma duk abin da aka faɗa a kan karatu sai ya kasa kunne saboda ni ne na farko a gidan da ya shiga jami'a. Wani maƙwabcin shagonsa ne ya gani a Facebook ya karanta masa, ya ƙara da nasa gishirin, wai ashe karatun da ɗanka yake yi gwamnati ma ta ce ba ta so. Da daddare bayan isha'i sai ga kiransa, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Kai ɗan nan, tsakaninka da Allah, in ka gama wannan abin me za ka zama?" Wallahi ranka ya daɗe na yi shiru ya fi minti guda. Mutumin da yake kwana a kan keke duk lokacin ɗinkin sallah, idonsa har ya fara ja da baya, don ya haɗa mini kuɗin rajista, yau shi ne yake tambayata ko asara ya yi. Kuma daga bakin ministan ilimi ya samo tambayar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne raba mu da ka yi da masu warware matsala, kamar akwai su can akwai mu nan. To ina roƙonka ka duba matsalolin ƙasar nan da idon likita, tunda likitan ne kai. Kamfanin ƙarafa na Ajaokuta tun 1979 aka fara shi, Rashawa suka gina, injiniyoyi sun shiga sun tsufa sun yi ritaya a ciki, har yau bai yi aikin da aka gina shi dominsa ba. Rashin injiniya ne ya kashe shi? Ai kowa ya san rigimar kwangila ce da sauyin gwamnati da son rai. Kai ka riƙe ƙaramin ministan lafiya kafin ka zo nan, ka fi ni sanin yadda muke horar da likitoci da kuɗin talakawa su ɗauki jaka su tafi Ingila da Saudiyya. Ba ilimin tiyata suka rasa ba, tsarin da zai riƙe su ne babu, kuma tsara wannan tsarin, wa zai samu me, daga wace baitulmali, wa zai sa ido, shi ne ainihin abin da ake koya mana. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Wane inji ne zai gyara wannan? Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, to su wa za su zauna a sakatariyoyin nan su tsara kasafi, su fahimci abin da tsarin mulki ya ba kansila da ciyaman, su san yadda ake zama da mai unguwa da ardo da manomi kafin rikici ya zama na jini? A yankinmu akwai ƙauyukan da mutane ke biyan 'yan bindiga haraji kafin su shiga gonarsu. Wannan tambaya ce ta wa ke da iko a ƙasa, kuma tun aji ɗaya da ita ake buɗe mana darasi.

Kuma ka san mutanen da suka fito daga wannan fanni. Marigayi Farfesa Humphrey Nwosu ya koyar da Kimiyyar Siyasa a jami'ar Nsukka, shi ya jagoranci zaɓen 12 ga Yunin 1993 wanda yau gwamnatinku take hutun Ranar Dimokuraɗiyya dominsa duk shekara. Farfesa Attahiru Jega daga ajin Kimiyyar Siyasa na Jami'ar Bayero ya fito, ya riƙe INEC daga 2010 zuwa 2015, ya kawo na'urar tantance katin zaɓe, aka yi zaɓen da karon farko shugaba mai ci ya sha kaye ya miƙa mulki lami lafiya. Farfesa Ibrahim Gambari ya koyar a Zariya kafin ya zama ministan harkokin waje ya kuma wakilci ƙasar nan a Majalisar Ɗinkin Duniya. Idan waɗannan ba masu warware matsala ba ne to ban san su wa ake nufi ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba, akwai gaskiya a gefen maganarka, kuma mu ne muka fi jin ta a jikinmu. Yayyenmu da suka gama suna nan a gari, wani yana POS, wani yana tuƙa adaidaita, wani ya koma bin 'yan siyasa yana yi musu soja a soshiyal midiya a ba shi na kati. Amma ka tambaya me ya sa. Zo ka ga yadda ake koya mana. A ajinmu mun haura ɗari uku. Lakcar ƙarfe takwas tun shida da rabi ake zuwa a ajiye littafi a kan benci a kama wuri, wanda ya makara sai tsayuwa a taga, lasifikar zauren tun muna aji ɗaya ta mutu, malamin yana ɗaga murya har ta dushe, mu na baya sai dai mu ga bakinsa yana motsi mu jira mu ari littafin na gaba. Akwai kwas ɗin hanyoyin bincike da ƙididdiga, wanda shi ne zai sa ɗan Kimiyyar Siyasa ya iya ɗaukar sakamakon zaɓe ko kasafin jiha ya tsefe shi, a allo muka yi shi da alli daga farko har ƙarshe, ba mu taɓa kwamfuta ba ko sau ɗaya. Littattafan laburare da yawansu sun girme ni, wasu har yanzu Tarayyar Sobiyat tana nan da ranta a cikinsu. Abokanmu na injiniya ana tura su koyon aiki wata shida, mu kuwa shekara uku ina karanta yadda majalisa ke yin doka amma ban taɓa taka zauren majalisar jiharmu ba, ba wanda ya taɓa kai mu. Malami ɗaya zai duba furojet ɗin mutum talatin ko fiye, to ya za a yi ya karanta? Shi ya sa wasu suke zuwa shagon kwafi su sayi tsoho su canza suna, kowa ya sani. Aka horar da mu a haka sannan aka juyo aka ce ba mu da amfani, mun yi yawa. Wannan ne bai yi mini daɗi ba, kuma shi ne nake ganin rashin adalci.

Sannan yawan ma wa ya jawo shi? Ka shiga ajinmu ka ce wanda ya cike Kimiyyar Siyasa a JAMB da hannunsa ya ɗaga hannu. Da yawanmu Lauya muka nema aka ce gurbi ya cika aka turo mu nan. Wasu kuma tun a sakandare aka yanke musu hukunci, makarantar ba ta da ɗakin gwaji, ba malamin Fizis, ba na Kemistiri, dole kowa ya shiga ajin Gwamnati da Hausa da Addini. Dokar 60 da 40 ta ɗaukar ɗalibai, kimiyya ta ɗauki kaso mafi tsoka, ta daɗe a rubuce. Idan ba ta cika ba ai ba yaron ƙauyen da bai taɓa ganin madubin ƙara girma ba za a tuhuma. Ni kam daga baya na so karatun nan da zuciya ɗaya, ranar da malaminmu ya karanta mana sanarwar Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta 1950 a aji na ji tsigar jikina ta tashi, na gane ashe abin da kakana yake ba mu labari na ɗaurin da aka yi wa 'yan NEPU ilimi ne da ake nazarinsa, har akwai cibiya guda a gidan Malam Aminu Kano, Mambayya, da aka ware don haka.

Ina tuna maka, irin wannan tunanin ne ya sa aka taɓa cire Tarihi daga makarantu aka ce ba ya kawo aiki, yara suka taso ba su san Sardauna ba, ba su san me ya jawo yaƙin basasa ba, kuma ma'aikatarka ce da kanta ta mayar da shi dole daga firamare zuwa ƙaramar sakandare a 2025. Na yaba maka a kan wannan. Don Allah kada hannun da ya gyara wancan kuskuren ya sake irinsa a jami'a.

Ba na ce kada a ƙara injiniyoyi da likitoci ba, ƙanwata ma jinya take son karanta kuma ina yi mata addu'a. Roƙona shi ne tunda kun dakatar da buɗe sababbin manyan makarantun tarayya na shekara 7 don a gyara waɗanda ake da su, to gyaran ya zo har sashenmu. A ɗauki malamai. A cikin kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a ware mana ɗakin kwamfuta ko ɗaya ne. A sa mu cikin tsarin koyon aiki, a tura mu sakatariyar ƙaramar hukuma, majalisar jiha, ofishin hukumar zaɓe, ko wata uku ne, mu ga yadda fayil yake tafiya da inda yake maƙalewa. Idan kuma kun ga lallai sai an rage yawan da ake ɗauka, a rage a fili a faɗa wa iyaye tun kafin su biya, amma waɗanda suke ciki a koyar da su da kyau.

Akwai sauran abubuwa, bashin karatu na NELFUND wanda ya taimaki da yawanmu kuma muna fatan ba za a wayi gari a ce sai wasu kwasa-kwasai kaɗai ba, da alkawarin da shugaban ƙasa ya yi lokacin kamfe cewa karatun shekara huɗu zai ƙare a shekara huɗu, don yayyenmu sun zauna wata takwas a gida a 2022 saboda yajin aikin malaman jami'a kuma ba ma son mu ɗanɗana. Amma waɗannan wasu sun fi ni iya faɗa.

Ni dai abu ɗaya nake nema. Ka fito ka gyara waccan maganar da bakinka, yadda za a fassara ta a rediyo da Hausa babana ya ji a shagonsa. In kuma hanya ta biyo da kai Arewa, ka shigo kowace jami'ar gwamnati ka ce a kai ka zauren 'yan Kimiyyar Siyasa da ƙarfe takwas na safe, ba tare da an sanar ba, ka tsaya a baya inda muke tsayawa.

Na gode, ranka ya daɗe.

Naka,
Ɗalibin aji uku, sashen Kimiyyar Siyasa.