Takardar Koke Kan Ceto Tarihin Matan da Suka Yi Aikin Talabijin

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Mu da muka sa hannu a wannan takarda mata ne tsofaffin ma'aikatan talabijin, da 'ya'yan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, da wasu ɗalibai. Da kuɗin aljihunmu muke tattara tarihin matan da suka yi wannan aiki, ba wata tasha ko jami'a da ta sa mu. Yanzu abin ya fi ƙarfinmu, shi ya sa muka kawo kuka gare ka.

Da mata aka fara talabijin. Lokacin da BBC ta buɗe tasharta a Landan a 1936, Jasmine Bligh da Elizabeth Cowell na cikin masu gabatarwa. A Ibadan ma, fuskar Anike Agbaje-Williams aka fara gani a tashar talabijin ta Yammacin Najeriya, WNTV, a 1959, ta kuma rasu a 2025. Su dai an gan su, shi ya sa sunansu bai ɓata ba. To ina wadda ta rubuta shirin, da wadda ta kwana tana tace hotuna, da mai haɗa sauti?

Kwanan baya aka miƙo mana wani tsohon kaset ɗin bidiyo samfurin U-matic daga ɗakin ajiyar wata tasha. Ya yi fumfuna, zarensa ya manne, a jikinsa kuma ba a rubuta komai ba sai "shirin mata". Wata dattijuwa a cikinmu ta juya shi ta ce rubutunta ne, ita ta shirya shi, sannan ta lissafo abokan aikinta biyar. Uku sun rasu. Wallahi ranar jikinmu ya yi sanyi.

A da kaset tsada gare shi, sai a goge tsohon shiri a ɗora sabo. BBC kanta ta yi hakan har cikin shekarun 1970. Mun kuma ga abin da mutum ɗaya zai iya: Marion Stokes a Amurka ta naɗi shirye-shirye a gidanta fiye da shekara 30, har rasuwarta a 2012, ta bar kaset wajen 70,000 da yanzu ke hannun Internet Archive, wata cibiya mai adana tsofaffin bayanai a intanet.

Roƙonmu, ranka ya daɗe, a ba mu ɗaki guda marar danshi a ɗakin karatu na jama'a, da na'urar kwafe kaset zuwa kwamfuta. A kuma ba mu takardar gabatarwa zuwa tashoshi, domin sau da yawa a bakin ƙofa ake sallamarmu. Sai dai muna roƙon a bar binciken a hannunmu, saboda akwai matan da ba za su faɗi yadda aka danne musu ƙarin girma ba in sun san tsofaffin shugabanninsu za su duba kafin a fitar.

Mata 11 ke jiran mu je mu naɗi muryarsu, biyu daga cikinsu suna kwance ba lafiya.

Mu ne naka,
Masu sa hannu a ƙasa