Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakin Zane da Aikin Hannu na Makarantar Firamaren Unguwarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu dattawan unguwa, malamanmu, iyayen yara maza da mata, da tsofaffin ɗalibai na gida da na nesa.

Wannan rahoto ne daga ƙaramin kwamitin da taron iyaye da malamai ya ɗora wa alhakin gyaran ɗakin zane da aikin hannu na makarantarmu da ke cikin birnin Kano. Alhamdu lillahi, aiki ya kammala, an damƙa makulli a hannun hedimasta, yara kuma sun fara shiga.

Tun ranar da aka kafa mu wasu iyaye suka yi tambaya, kuma tambaya ce mai ma'ana: ga azuzuwa cike maƙil da yara, ga ƙarancin benci, me ya sa za a fara da ɗakin zane? Amsarmu tana cikin tarihin ɗakin kansa, shi ya sa za mu ɗan tsaya a kai kafin mu shiga bayanin siminti da kwano.

Koyar da sana'ar hannu a makarantar hukuma ba baƙon abu ba ne a Kano. Makarantar da Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909 tana da sashen koyon sana'a, inda ake koyar da irin su kafinta, dukanci da ƙira tare da karatu da rubutu. Gidan da ya zauna yana nan har gobe, wanda ya so ya je ya gani. Da makarantu suka koma hannun En'e, wannan tsari bai mutu ba. Dattawan da suka yi elemantare a nan sun shaida mana cewa hukuma ce ke kawo takardar zane, alli mai launi, zare da fata, kuma akwai malami na musamman da ake biya albashi don wannan darasi kaɗai. Wani lokaci a kan gayyato baduku ko masaƙi daga cikin gari ya zauna da yara. Ɗakinmu a wancan zamani aka gina shi, kuma domin wannan aiki aka gina shi. Duk wanda ya duba faɗin tagoginsa na gefen arewa zai gane cewa wanda ya tsara shi haske yake nema wa mai zane.

Abin da ya sauya al'amura shi ne yawan yara. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, ɗalibai suka yi ta kwararowa, wanda alheri ne babba, amma duk ɗakin da ke da rufi sai da ya zama aji. Namu ma haka. Aka kwashe teburan aiki, aka jera benci. Darasin bai fita daga manhaja ba, don manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ambace shi cikin abin da za a koya wa ɗan firamare, kuma bayan shirin ilimin bai ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, da dokarsa ta 2004, an haɗe zane, waƙa, wasan kwaikwayo da aikin hannu a darasi guda na al'adu da fasaha. A takarda ke nan. A aji kuwa, kowa ya san yadda aikin hannu ya koma: a ce yaro ya kawo tsintsiya ko faifai ƙarshen zango, uwa ta saya a kasuwa, a ba shi maki. Yaron da kakansa marini ne a Ƙofar Mata sai ya gama firamare bai taɓa tsoma ƙyalle a baba ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mana rai.

Daga baya, da aka gina sababbin azuzuwa, ɗakin ya zama sito na karyayyun kujeru. Da muka buɗe shi mun tarar iskar farkon damina ta yaye kwanon kusurwar gabas, ruwa ya daɗe yana sauka a kan silin har ya rufto. Gara ta cinye katakon rufi kusan gaba ɗaya. Bangon baya ya tsage daga taga zuwa ƙasa, gindinsa kuma danshi ya ci shi, saboda ruwan da ke gangarowa daga filin wasa nan yake kwanciya. Daɓen ƙasa ya farfashe.

Wani injiniya cikin tsofaffin ɗalibai ya duba ginin kyauta, ya ce harsashi lafiya lau yake, ba sai an rushe ba, amma in ba a kawar da ruwan bayan ɗaki ba duk gyaran da aka yi ɓarnar kuɗi ce. Shawararsa muka bi. Kafin a taɓa rufi sai da aka haƙa magudana aka ɗaure ta da bulo, aka karkatar da ruwan zuwa kwatar bakin titi. Matasan unguwa ne suka yi haƙar a aikin gayya, mata suka kawo kunu da ƙosai. Bayan nan birkila ya fasa tsagar bangon, ya ɗinke ta da rodi, ya sake filasta. Kafinta ya sauke tsohon katako duka, aka shafe sabon da maganin gara kafin a ɗora, aka buga sabon kwano da silin. An sake daɓe, mai walda ya yi ƙofa da tagogin ƙarfe. Girman tagogin ba mu rage ko kaɗan ba, duk da an ba mu shawarar a toshe rabinsu don sauƙin kuɗi.

A ciki an gina dogon dakali na siminti a jikin bango don aikin yumɓu, an ja famfo da wurin wanke hannu, an kafa kanta mai makulli ta ajiyar kaya. Tebura masu faɗi aka yi, waɗanda yara za su kewaye, maimakon benci mai fuskantar allo. Cikin tarkacen da aka kwashe an tsinci tsofaffin allunan zane na katako da ƙafar masaƙa guda. An gyara su, suna cikin ɗakin.

Fuskar ɗakin ta waje ita ce ta fi jan hankalin masu wucewa. Maimakon fenti zalla, mun nemo wani dattijon magini da ya gaji zanen bango irin na zaurukan birni, ya fitar da dagi da sauran zayyana a saman ƙofa, 'yan aji shida suna miƙa masa kaya suna kallon hannunsa. Bai karɓi ko kwabo ba. Ya ce ladansa shi ne ya ga yaro ya tambaye shi yadda ake yi. Allah ya saka masa da alheri.

Akwai maganar da ba za mu tsallake ba. Wasu iyaye sun nuna damuwa kan zana abu mai rai, kuma ba mu ɗauki damuwarsu da wasa ba. Mun zauna da limamin unguwa da malaman Islamiyya, aka daidaita cewa za a gina darasin a kan zayyana irin ta allon sauka, zanen hula da aska na babbar riga, tsirrai, gine-gine, taswira, saƙa, rini, dukanci da ginin tukwane. Wannan kaɗai ya ishi yaro shekara shida bai ƙure shi ba. Kuma ba wasa ba ne: mai ɗinki, mai zanen gida, mai buga takardu da mai tsara hoto a kwamfuta duk daga riƙe fensir suka fara. Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin naira 20, da tukunya ta kai inda ta kai.

Kuɗin aikin ya fito ne daga karo-karon iyaye, gudummawar tsofaffin ɗalibai, da 'yan kasuwar unguwa da suka ba da siminti, yashi da fenti. Farashin kaya ya tashi ana tsakiyar aiki, wanda ya sa aka dakata har aka sake zagayawa neman taimako. Ba mu ci bashin kowa ba. Cikakken lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita, tare da rasiɗai, an manna shi a allon sanarwa na ofishin hedimasta, kwafi kuma yana wurin ma'aji ga duk mai son dubawa.

Abin da ya rage ya fi ƙarfin kwamiti. Jama'a za su iya yin rufi, amma ba za su iya ɗaukar malami su riƙa biyansa albashi ba. Mun rubuta wa hukumar ilimi ta ƙaramar hukumarmu muna roƙon abu uku: a turo malamin da ya karanci zane da fasaha a kwalejin ilimi, a sa kayan aikin wannan darasi cikin abin da ake raba wa makarantu kamar yadda ake raba alli da rajista, kuma a ba mu tabbaci a rubuce cewa ba za a sake mayar da ɗakin aji ko sito ba. Ba sabon abu muke nema ba, abin da hukuma ta saba yi ne a da. Kafin amsa ta zo, wata malama cikin malamanmu ta karɓi riƙon ɗakin, masu sana'a na unguwa kuma sun yi alkawarin zuwa bi da bi ranar Alhamis.

Saura wutar lantarki da fanka, waɗanda kuɗi bai kai gare su ba. Za a gabatar da maganarsu a taron iyaye da malamai na farkon zango mai zuwa, inda kuma wannan kwamiti zai miƙa takardunsa ya sauka. Mai son ba da fata, zare, baba, takarda ko yumɓu ya kai ofishin hedimasta, za a rubuta a ba shi shaida.

Wassalam.

Sakatare, a madadin Kwamitin Gyara