Zuwa ga masu sayen dashenmu daga nesa

Assalamu alaikum.

Iyayenmu da 'yan'uwanmu, maza da mata, muna gaishe ku daga ɗan lambunmu na renon dashe da ke bayan garin Zariya, da fatan kowa ya ga farkon damina lafiya.

Da ban haƙuri za mu fara. A watan Afrilun da ya wuce wani Alhaji a Gusau ya turo mana kuɗin mangwaro mai aure (wato wanda aka haɗa reshen wani mangwaron mai kyau a kan gindinsa) guda 30. Muka jera su a kwali huɗu, muka kai tasha da sassafe, muka biya kuɗin sallahu, ɗan kamasho ya ce kafin la'asar sun isa. Motar ba ta cika ba sai bayan azahar. Da direba ya ga but ya cika da buhuna, sai ya ɗaure kwalayen a saman mota, iskar bazara ta yi ta dukansu daga nan har Funtuwa, har Gusau, kuma suka kwana a tasha. Da Alhaji ya buɗe, ganyen ya soye, kana taɓa shi yana marmashewa a hannu. Tara ne suka rayu. Mun biya shi sauran, kuma ba mu ga laifin direba ba, shi kaya ya sani, bai san akwai mai numfashi a cikin kwali ba. Laifin namu ne da muka karɓi kuɗin a irin wannan lokaci.

Don haka muka yanke shawara: daga Maris har ruwa ya zauna ba za mu ƙara aika dashe ko'ina ba, ko da an turo kuɗi. Mutanen Kaduna, Abuja da Jos za mu iya fara sallamarsu a watan Mayu. Na Kano da Katsina su jira tsakiyar Yuni, na Sakkwato, Damaturu da Maiduguri kuwa gara a bari sai Yuli. Ƙarshen Agusta muke rufewa, domin dashen da bai sha ruwan sama na wata guda ba da wuya ya jure hunturu. Wanda yake da rijiyar burtsatse a gida ya gaya mana, shi za mu iya ɗaga masa ƙafa zuwa Oktoba.

Sai maganar girma, wadda ita ce aka fi kiranmu a kanta. Kwanaki wata Hajiya ta bugo waya tana cewa, "Malam, wannan ɗan tsinken na biya kuɗi a kai?" Ta ga hoton bishiya dam da 'ya'ya a WhatsApp, aka miƙa mata abin da bai wuce ƙafa biyu ba. Hoton na uwar ne, wadda muka yanko reshen aure daga jikinta, kuma daga yau za mu riƙa haɗa shi da hoton ainihin dashen da za a aiko muku. Amma ƙaramin da gangan muke zaɓar shi. Dashen da ya daɗe a leda har ya kai tsawon mutum, jijiyarsa ta nannaɗe a ciki kamar gammo, wata ma ta huda ledar ta shiga ƙasa, sai an tsinke ta za a ɗaga. Irin wannan ya fi ƙayatarwa ranar da ya iso, amma yakan yi shekara a tsaye ba ya gaba. Ƙaramin kuwa da ya ji sabuwar ƙasa sai ya kama. Mangwaro mai aure yakan fara 'ya'ya a shekara 3 zuwa 4. Na ƙwallo sai ya haura 5, kuma ba tabbas zai yi zaƙin uwarsa. Ku duba gindin, za ku ga tabon auren, ɗan kumburi kamar gwiwa. In babu shi, ku kira mu.

Akwai abin da ba za mu sayar muku ba ko kun nace. Tuffa tana son sanyi irin na tudun Jos, kai ta Sakkwato asarar kuɗi ce. Dabinon da aka tsirar daga ƙwallo kuma ba mai iya gaya muku mace ce ko namiji sai ya yi fure bayan shekaru, don haka duk wanda ya rantse muku a waya cewa nasa duka mata ne, ku yi hattara. Mai son dabino da gaske ya nemi shawara a tashar binciken dabino da ke Dutse. Darbejiya muna da ita, amma a nisanta ta da katanga da ramin masai. Mai son shinge a ƙaramin gida, lalle ya ishe shi.

Ranar da kaya za su tashi za mu ba ku lambar direba, don Allah a je a karɓa a ranar. Kada a dasa nan take. A buɗe kwalin, a ajiye su a inuwa, a ba su ruwa, su huta kwana uku. A haƙa rami ƙafa biyu zurfi, ƙafa biyu faɗi, a gauraya ƙasar sama da takin gida wanda ya ruɓe sosai, domin ɗanyen kashin kaji ƙona jijiya yake. A dasa da yamma. A tsaga ledar a cire ta (mun taɓa tono mataccen lemo muka tarar da shi cikin ledarsa), kuma kada a binne tabon aure. Duk tohon da ya fito ƙasa da tabon a fizge shi, in ba haka ba zai rinjayi na saman. Tsakanin mangwaro da mangwaro a bar kamar mita 10.

Wanda ya iso a karye ko a bushe, a ɗauki hotonsa a turo mana a ranar, za mu sake aikowa, kuɗin mota a kanmu. Wanda akuya ta ci kuwa, wannan tsakaninku ne da maƙwabta, don haka a tanadi ƙaya ko raga tun kafin kwalin ya iso.

Wassalam,
Naku, masu renon dashe, Zariya.