Godiya ga Ma'aikatan Cibiyar Dattawa ta Unguwarmu a Bronx

Assalamu alaikum.

Zuwa ga shugabar cibiya da ma'aikatanta baki ɗaya, da kuma Sashen Kula da Tsofaffi na birnin New York da ke ɗaukar nauyin aikinku.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a madadina da sauran ƙawayena, matan Hausawa 'yan Nijar da Gana da muke halartar ajin rawar Latin, wato raye-rayen mutanen Latin Amurka, da kuka buɗe wa dattawa. Da Hausa na rubuta, kuma a bainar jama'a, domin 'yan uwanmu da ke zaune a ɗaki su ma su ji. Jikata za ta fassara muku.

Wanda bai tsufa a ƙasar nan ba, ba zai san nauyin kaɗaici ba. A gida tsohuwa ba ta rasa mai shigowa gaishe ta. Nan kuwa 'ya'ya sun fita aiki tun asuba, jikoki na makaranta, ga sanyin hunturu ya tsare ƙofa. Haka mutum zai wuni daga kujera sai gado, gwiwa na ƙara sandarewa, hawan jini da sukari na samun wurin zama. Cikin wannan hali aka sanar da mu cewa duk mazaunin birnin da ya kai shekara 60 yana da damar shiga cibiyoyinku kyauta, har da abincin rana.

Abin da ya fi sa ni ɗaukar alƙalami shi ne yadda kuka karɓe mu. Mu Musulmi ne, da mayafanmu da dogayen riguna muka zo, kuma tun ranar farko muka faɗa wa malamar rawa cewa ba ma riƙe hannun namijin da ba muharraminmu ba. Baiwar Allahn nan, 'yar asalin Puerto Rico, ko fuska ba ta sauya ba. Ta jera mu sahu-sahu kowa na taka nata ita kaɗai, in an zo wurin da ake yi bibbiyu sai ta haɗa mace da mace. Idan azahar ta yi akwai ɗakin da ake buɗe mana mu yi salla. Ranar da aka dafa naman alade, masu kicin su ne ke fara sanar da mu tun ba mu tambaya ba, su zuba mana wani abu daban. Ba kowace ma'aikata ke da wannan sanin ya kamata ba, kuma mun gani, mun yaba.

Da merenge ta fara mana, rawar mutanen Jamhuriyar Dominika, domin ita ce mafi sauƙi. Taku biyu ne kawai, hagu da dama, kamar mai tattaki a wuri guda. Daga nan sai bacata, taku uku zuwa gefe a dangwala ƙafa a na huɗu. Salsa ce ta ba mu aiki. Ƙirga takwas ake yi amma sau shida ake takawa, a dakata a na huɗu da na takwas, malama na ta kiran "uno, dos, tres, cinco, seis, siete" har ya zauna mana a ka. Wadda ƙafarta ba ta da ƙarfi ba a barinta a baya, kujera ake ajiye mata ta riƙe, ko ta zauna tana yi da kafaɗu da tafi.

Kiɗan kuwa bai zo mana a baƙo ba. Sandunan nan biyu da ake bugawa a kiɗan salsa, bugu uku sannan bugu biyu, gado ne na kakanninmu da aka kwasa daga Afirka zuwa Kyuba a zamanin cinikin bayi. A New York ɗin nan salsa ta yi suna, musamman bayan kafa kamfanin faifai na Fania a 1964, kuma Bronx na cikin wuraren da suka raine ta. Maƙwabtanmu masu jin Sifaniyanci da muka shekara muna haɗuwa a lif ba ko sannu, yanzu su ne ke gyara mana taku, mu kuma muna kai musu cincin da dubulan ranar salla. Wata daga cikinmu ta kwanta asibiti, su suka riga mu zuwa dubiya.

Ga masu cewa rawa ba ta dace da furfura ba, ina girmama ra'ayinku, amma ku zo ku ga yadda ake yi tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama da su riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, tare da atisayen da ke hana faɗuwa. A nan Bronx ma, likitocin Kwalejin Albert Einstein sun fitar da wani bincike a 2003 kan tsofaffi 469, inda suka ga cutar mantuwa ta fi ƙaranci a cikin masu yawan rawa. Ni dai abin da zan iya shaida shi ne, yanzu ina hawa matakalar tashar jirgin ƙasa ba tare da na tsaya hutu ba, kuma ruku'u da sujada sun daina yi mini wuya. Alhamdu lillahi.

Roƙo biyu gare mu. Ku ware sa'a ɗaya a mako ta mata zalla, domin akwai hajiyoyi da yawa da wannan ne kaɗai ya hana su fitowa. Sannan ku aika da takardun sanarwarku zuwa masallatan unguwa da shagunan 'yan Afirka, da Faransanci da Hausa, mu za mu taimaka da fassarar.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara wa malamarmu lafiya, Ya ba ku masu kula da ku ranar da naku tsufan ya zo.

Taku a kullum,
Wata dattijuwa 'yar Damagaram, mazauniyar Bronx.